Ranar da Na Ji Inna Ta Ambaci Sunana

Ni ɗan fari ne, saboda haka tun da na buɗe ido a duniya ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. Duk Bahaushe ya san wannan kunyar. In za ta aike ni sai ta ce "kai wannan", in tana ba wata labarina sai ta ce "yaron nan". Na yi aure, na haifi 'ya'ya, furfura ta fara leƙowa, amma ban tashi daga "yaron nan" ba. Na fara da wannan ne domin shaidar da zan bayar a kan addu'a a nan take rataye, ko da yake sai da na kai shekara 44 kafin na gane haka.

An haife ni a 1966 a wani ƙauyen Maguzawa a ƙasar Malumfashi. Babban gida ne, gandu ɗaya, rumbuna jere a tsakar gida. Kada wani ya ce maka Bamaguje bai san Allah ba. Sunansa na bakinmu safe da yamma: Allah ya kai mu, Allah ya kiyaye, Allah ya ba da sa'a. Sai dai ba mai zuwa wurinsa. A ganin iyayenmu Allah sarki ne mai nisa, ya yi duniya ya koma can sama, talaka kuwa ba ya faɗawa fada kai tsaye. Iskoki ne na kusa, su ake lallashi, su ne masu saurin fushi, kowannensu da irin abin da yake so.

Ina da shekara bakwai aka yi farin 1973. Gero ya fito ya ƙone a tsaye. Ina tuna wata safiya Baba ya kama jan zakara ya ce in bi shi da ƙwaryar giya, muka je gindin wata tsamiya a bayan gida. Ya tsuguna, ya yanka zakaran, ya bar jinin ya zuba a saiwa, ya tsiyaya giyar, sannan ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Ga naka na kawo. Saura namu." Iyakar maganar ke nan. Ba gaisuwa, ba hira. Muka juyo gida, ni ina riƙe da ƙwarya, shi yana riƙe da zakara ta ƙafa, yana ta ɗaga kai yana duban gabas.

Bayan shekara biyu wani mai bishara na ikilisiyar ECWA ya fara zuwa ƙauyenmu a kan keke, wani lokaci tare da 'yan Sabon Rai masu waƙa da ganga. Littafi Mai Tsarkin da yake ɗaure a bayan kekensa tsohon juyin nan ne na 1932, wanda Likita Mila na Wusasa ya sa hannu a aikin fassararsa, bangonsa duk ya ci jiki. Inna ce ta fara ba da gaskiya a gidanmu. Baba ya yi shekara uku yana turjiya kafin ya bi. Majami'armu ta farko ginin laka ce da jinka, ƙararrawarmu kuwa ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a reshen darbejiya.

Inna ba ta yi boko ba. Ɗan karatun da ta tsinta a zumuntar mata bai wuce ta haɗa baƙaƙe da ƙyar ba. Amma abu ɗaya ya kama ta a cikin bishara bai sake ta ba har ta koma: wai Allahn nan mai nisa Uba ne, kuma ana iya zuwa wurinsa hannu wofi, ba zakara ba akuya. Tun daga lokacin, da zarar ladanin garin da ke maƙwabtaka da mu ya kira assalatu, sai ta tashi. Takan ce ladanin nan shi ne agogonta, Allah ya ƙara masa lafiya. Sai ta ɗauki 'yar kujerarta ta tsuguno ta zagaya bayan rumbu. Mu yara mukan yi mata dariya a ɓoye, domin mun taɓa jin tana faɗa wa Allah cewa akuyarta ta ƙi cin dusa. Abin ya yi mana kama da ƙauyanci. Allah mai sama da ƙasa, a zo masa da zancen akuya?

Ni kuwa na shiga firamare a 1976, shekarar da aka buɗe ilimi kyauta ga kowa, na wuce sakandare, a 1988 na sami aiki a wata masaƙa a Kakuri, Kaduna. A birni ne na zama abin da ake kira mai bakin addu'a. Ba yabon kai ba, na iya. Na haddace ayoyi, na san inda zan ɗaga murya da inda zan sauke ta, na san sunayen Allah da zan jero har jikin mutane ya yi tsam. A addu'ar tsakiyar mako ran Laraba, in fasto ya ce wani ɗan'uwa ya rufe mana, sai ka ga kawuna sun juyo wajena. Abin kunyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yanzu shi ne, idona a rufe, amma kunnena na wurin jama'a, ina auna ƙarfin "Amin" ɗinsu. In ta fito da ƙarfi, sai in ce addu'a ta yi. A gida kuwa addu'ata jerin buƙatu ce, kamar takardar cefane: kuɗin haya, ƙarin girma a wurin aiki, kariya a hanya, a cikin sunan Yesu, in miƙe.

Rikicin Fabrairun 2000 ya tashe mu daga Tudun Wada muka ƙetare kogi zuwa Sabon Tasha. Wanda yake Bahaushe kuma Kirista ya san abin da kwanakin nan suke nufi, can a dubi addininka, nan a saurari harshenka. Ba a daɗe ba masaƙarmu ta rufe, sauran ma suka bi ɗaya bayan ɗaya. Na ci bashi na sayi babur na fara acaɓa. Duk wannan bai girgiza ni ba. Na ɗauka gwaji ne, zai wuce.

Abin da ya girgiza ni 'yata ce ta uku, wadda aka haifa a 1998. Sunan Inna na sa mata, don haka "Uwata" nake kiranta. Tana da wata takwas hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura, ta yi ta tsala ihu dare da rana. Gwaji ya nuna sikila ce. A lokacin da muka yi aure ba wanda ya ce mana mu je gwajin jini. Sai a ofishin likita muka ji cewa ni da mai ɗakina duka AS ne, wato muna ɗauke da ƙwayar ciwon a jininmu ba tare da ya kama mu ba, kuma kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ɗan ya zo da SS, wato sikila. Yanzu ikilisiyoyi da yawa ba sa ɗaura aure sai an kawo takardar gwaji, ni kuma ina cikin masu tsayawa a kan haka ba sassauci.

Wanda bai yi jinyar mai sikila ba, bai san hunturu ba. Da iskar nan ta fara kaɗawa a Disamba, gabanmu ya fara faɗuwa ke nan. Ciwon yakan sauka a ƙashi, ta ce kamar ana sara mata ƙafa da gatari. Idonta ya yi ɗorawa. Mu kwasa sai asibiti: ƙarin ruwa, allurar kashe zafi, wani lokaci ƙarin jini, in bi 'yan'uwa a majami'a ina neman wanda jininsa ya dace.

Na yi addu'a a shekarun nan, Allah shaida ne. Na yi azumin kwana uku ba ci ba sha, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na kwana a kan dutse tare da masu addu'ar dare har muryata ta dushe. Na sayi man shafewa a 'yar kwalba a hannun wani da ya ce daga Urushalima aka kawo shi. Na ninka zakkata. Na yi wa'adi cewa in ta warke, duk abin da babur ya kawo na wata uku zan zuba a ginin majami'a. Ba ina kushe azumi ko addu'ar dare ba ne, akwai masu yinsu da zuciya ɗaya, na san su. Nawa nake faɗa. Ni lissafi nake yi. Kowane azumi ina rubuta shi a zuciyata kamar adashi, ina jiran ranar kwasa.

A Janairun 2010 aka kwantar da ita kwana tara. Tana da shekara 11. A dare na takwas, wajen ƙarfe goma, na shigo da ledar magani, na ajiye, na ce wa uwarta zan je wurin wani bawan Allah da aka ce yana addu'ar dare a wata unguwa, zan kai masa rigarta ya yi addu'a a kai. Na juya ke nan sai na ji ta kama gefen rigata. Hannun ba ƙarfi, amma ta riƙe.

"Baba, ina za ka kuma?"

"Zan je a yi miki addu'a, Uwata. Yanzu zan dawo."

"Kai kullum kana tafiya nemo mini abu. Ka zauna mana."

"To me kike so in yi miki?"

"Ba komai. Ka zauna kawai."

Na zauna kamar na minti goma, ƙafata na rawa, ina duban agogo. Da na ga ta lumshe ido sai na zare rigata a hankali na fita. Na dawo da asuba da rigarta tana ƙamshin mai. Ta yi kwana ɗaya bayan nan, ba ta ƙara magana mai tsawo ba. Washegari da la'asar ta cika.

Ban bar majami'a ba. A lokacin ma ni dattijon ikilisiya ne. Aka ci gaba da cewa in yi addu'a, na ci gaba da yi, bakina na aiki kamar injin niƙa da aka kunna ba hatsi a ciki. Amma a gida na daina ɗungum. Wata goma sha ɗaya gwiwata ba ta taɓa ƙasa ba. Mai ɗakina, wadda ita ce ta fi ni kwana a gefen gadon nan, tana kuka tana addu'arta, wani dare ta ce, "Baban yara, yaushe rabonka da durƙusawa?" Na ce mata na gaji ne, acaɓa ba wasa ba. Ba ta ƙara tambaya ba. Gaskiyar magana ita ce fushi nake yi, irin fushin wanda ya biya kuɗi ba a ba shi kaya ba. Ban ce babu Allah ba. Na dai mayar da shi inda kakannina suka ajiye shi, can nesa.

A Disambar shekarar na tafi gida Kirsimeti ni kaɗai. Baba ya riga ya rasu, Inna na zaune da ƙanena. Aka ba ni ɗakin da ke jingine da rumbu, wanda tagarsa 'yar ƙarama ce an toshe rabinta da tsumma saboda sanyi. Barci ya ƙi zuwa, kamar yadda ya saba tun Janairu. Ina kwance na ji ladanin nan, ko magajinsa, ya kira assalatu. Can sai na ji takun Inna, da ƙarar kujerarta da ta dire a ƙasa, dab da bangon da nake kwance.

Ta yi tari, ta gyara zama. Sai ta fara, da muryar da take magana da maƙwabciya ta kan danga.

"Uba, mun kwana lafiya, mun gode. Sanyin bana da ƙarfi. Gwiwar nan ta hagu ta hana ni barci, amma da sauƙi. Dawar da ka ba mu mun gama shigar da ita rumbu jiya, ta fi ta bara."

Ta ambaci wata mai naƙuda, da wani jikanta da ke jarrabawa. Sannan ta yi shiru. Shirun ya yi tsawo har na ɗauka gyangyaɗi ya kwashe ta.

Sai na ji sunana.

Sunana na yanka, cikakke, a bakin Inna. Ta faɗe shi sau uku, a hankali, kamar mai ajiye ƙwai a cikin ƙwarya. Tsigar jikina ta tashi. Shekara 44 ban san yadda sunan nan yake fita daga bakinta ba.

"Ga shi nan ya zo," in ji ta. "Bakinsa na dariya, amma cikinsa a mace yake, na gani tun daga zaure. Ni ban san abin da zan ce masa ba, ka san tsakanina da shi akwai kunya. Kai ba ka jin kunyarsa. Ka je wurinsa."

Ba ta roƙi komai bayan haka ba. Ta sake yin shiru, ta zauna a cikin sanyin nan har zakaru suka yi cara na ƙarshe, aka fara jin lugude daga gidajen maƙwabta. Ni kuwa na cusa bargo a bakina don kada ta ji ni.

Da hantsi na same ta tana ɓarar gyaɗa. Na jawo tabarma na zauna nesa kaɗan, na ɗebi gyaɗar ina taya ta. Mun daɗe ba wanda ya ce uffan. Can na ce, "Inna, in kin yi shirun nan a bayan rumbu, me kike yi?"

Ba ta ɗago ba. "Au, laɓe ka koyo a birni?"

"Barci ne ya ƙi."

"Me zan yi? Zama nake. In ka je gaida babba, kana gama faɗin abin da ya kawo ka sai ka zabura ka fita? Ai sai a ce ba ka da tarbiyya."

"Yana yi miki magana?"

"Wata rana. Wata rana kuwa mu yi zamanmu kawai. Ni da ubanka mun fi shekara arba'in tare, ba kullum muke hira ba. Amma in yana cikin gida na san yana cikin gida."

A nan ne bakina ya ɓalle. Na lissafa mata azumin, da dutsen, da man, da zakkar, da wa'adin. Na ce, "Inna, me ya rage ban yi ba? Duk na yi, ya ɗauke ta."

Ta murje gyaɗa a tafin hannunta, ta hure ɓawon. "To, zakara ka kai ke nan," in ji ta. "Ubanka ya bar gindin tsamiya, kai ka koma."

Na so in yi gardama, ni da na san ayoyi, ita da ko sura ɗaya ba za ta iya karantawa ba tsayawa. Amma na ga kaina ɗan shekara bakwai riƙe da ƙwaryar giya, na ji muryar Baba, ga naka, saura namu. Kasuwa kawai na canja, cinikin yana nan yadda yake.

Da na koma Kaduna na gwada. Ranar farko na tashi ƙarfe biyar saura, na zauna a bayan ɗaki kusa da duron ruwa. Minti biyar suka yi mini kamar wuni. Da na rufe ido sai tayar babur ta zo, kuɗin makaranta ya zo, wani fasinja da ya gudu da canjina ya zo. Na saba cika wuri da magana, shiru ya zama mini kamar baƙon da ban san inda zan zaunar da shi ba. Da na rasa abin yi sai na ɗauko Addu'ar Ubangiji, wadda na iya tun ina yaro, na ce zan bi ta a hankali. Kalmar farko ta tsayar da ni. Ubanmu. Makonni na yi ban wuce ta ba, domin ni ma uba ne, kuma na san abin da aka roƙe ni a daren nan na kasa bayarwa. Yarinyar ba ta ce in nemo mata mai ba. Ni take so, na zare rigata na tafi.

A watan Maris, da zafi ya fara shigowa, wata asuba na faɗa wa Allah abin da ke cikina ba ado. Na ce masa ina fushi da shi. Na ce masa ina fushi da kaina fiye da haka. Na jira sama ta faɗo, ba ta faɗo ba. Daga baya na lura Zabura 88 ma haka take, kuka ce daga farko har ƙarshe, ta ƙare a cikin duhu, kuma ba a cire ta daga Littafi ba. A ranar na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Ban ga haske ba, ban ji wata murya ba, kada in ƙara gishiri. Abin da na sani shi ne ba ni kaɗai ba ne a bayan ɗakin nan. Yadda Inna ta ce, in mutum yana cikin gida, ka san yana cikin gida. Abin da Bulus ya rubuta a Romawa 8:26, cewa ba mu san yadda za mu yi addu'a ba, Ruhu ne ke roƙo dominmu da nishin da ba ya faɗuwa, na sha yin wa'azi a kansa. A ranar ne na fara zama a cikinsa.

Zaburar da ta zama tawa ita ce ta 131. Aya uku ce kacal. Dawuda ya ce ya kwantar da ransa kamar yaron da aka yaye a jikin uwarsa. Mu da muka tashi a ƙauye mun san yaye. A shafa wa nono abu mai ɗaci, a kai yaro ɗakin kaka, ya kwana uku yana birgima yana ganin an yi masa rashin adalci. Kafin yaye, in ya hau cinyar uwa abu ɗaya yake nema, yana ta fizge-fizge. Bayan yaye yakan dawo ya hau cinyar nan, ya kwantar da kai, ba abin da yake nema. Ba na cewa Allah ya ɗauki 'yata don ya yaye ni. Ba zan taɓa faɗin haka ba, kuma duk wanda ya faɗa wa mai makoki irin wannan magana bai kyauta ba. Ciwo ne ya kashe ta, ciwon da ke cikin jinina da na uwarta. Abin da nake cewa shi ne, a cikin ɗacin nan na fara sanin cinyar.

Har yanzu ina roƙo. Yesu da kansa ya ce mu roƙi abincin yini, kuma a Getsamani sau uku ya roƙa a kawar masa da ƙoƙon, ba a kawar ba. Da aka hana acaɓa a Kaduna a 2014 na roƙa ƙwarai, da bashi a wuyana, kafin na sami Keke Napep na haya. Wasu roƙe-roƙen an amsa, wasu shiru har yau. Bambancin dai shi ne yanzu ba na miƙewa da na gama lissafi. Kuma na sami kaina ina faɗa masa abubuwan da a dā zan ce ƙauyanci ne: birkin keke yana ƙara, mai ɗakina ta yi tari cikin dare, jiya na yi wa fasinja tsawa ba dalili.

Addu'ata a gaban jama'a ta gajarta sosai. Wani ɗan'uwa ya tare ni bayan sujada ya ce, "Dattijo, lafiya? Wutar nan taka ta dā kamar ta ragu." Na yi dariya na ce masa ya ci gaba da sa ni a addu'a.

Inna ta rasu a 2019, bayan kaka. Har ta koma ba ta taɓa kiran sunana a gabana ba, ni ma ban taɓa gaya mata cewa na ji har da wannan ba. Da aka zo rabon 'yan kayanta, ƙannena mata suka ɗauki zannuwa da tukwane da Littafin Waƙoƙinta. Aka ce in zaɓa, na ce kujerar tsuguno nake so. Ƙanena ya kwashe da dariya, wai namiji da kujerar mata, a cikin mota kuma har Kaduna. Na sa ta a buhu na taho da ita. Tana bayan ɗakinmu kusa da duron ruwa, ƙafa ɗaya ta ɗan tsage na ɗaure ta da waya. Gajeriya ce ƙwarai, in na zauna gwiwoyina har ƙirji, tashi kuma sai na dafa bango.